Baƙo mai hannu huɗu

Shekarun baya, lokacin ina aji uku na ƙaramar sakandare, saura ƙiris a kai ni wajen malamin ruƙiyya saboda wani mugu da ke cikin wasan kwamfuta. Yanzu a gidanmu abin ya zama na dariya, shi ya sa na ga bari in ba ku labarin. A lokacin kam ban ga abin dariya ba ko kaɗan.

Ni tun ina ƙarama ba ni da yawan magana. A aji ina iya sanin amsa sarai, amma da malami ya nuna ni sai harshena ya yi nauyi, in tsaya ina kallon igiyar takalmina har ya gaji ya wuce. Ƙawa ɗaya gare ni. Iyayenta mutanen Filato ne, Kiristoci, babanta malamin lissafi, mamarta kuma tela ce a gida. Ita a nan Sakkwato aka haife ta, kuma in ta buɗe baki Sakkwatancinta ya fi nawa kauri. Gidansu na bayan layinmu a Ƙofar Taramniya, in ka bi ta lungun da ke da kango da wata tsohuwar tsamiya. Ranar Alhamis da Juma'a, da yake babu Islamiyya, mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta yarda in riƙa zuwa bayan la'asar mu yi bitar jarrabawa. A duk mako waɗannan ranaku biyu nake jira. Gidan nan ne kaɗai inda nake dariya har haƙorana su fito.

Bitar kuwa muna yi, ba zan ce ba ma yi ba. Amma rabin awa ce. Daga nan sai mu jawo kwamfutar babanta, wadda yake buga tambayoyin jarrabawa da ita. Ta hannu ya saya, aka sayar masa da wani wasa a ciki bai sani ba. Ƙarar keken ɗinkin mamarta daga falo takan rufe mana asiri.

A wasan, ke ce matuƙiyar wani jirgin 'yan sama jannati da ya lalace, kina neman abokan tafiyarki ɗaki ɗaki. Wanda ya kama su wata halitta ce daga wata duniya can bayan taurari. Sunansa na Turanci ya yi mana wuyar faɗa, sai muka sa masa Baƙo. Dogo ne siriri, kansa kamar tulun da aka kife, hannayensa huɗu, biyu manya biyu ƙanana da yake naɗewa a ƙirji kamar mai sauraron wa'azi. Ba shi da ido, ba shi da baki. Da kunne yake farauta. Duk wanda ya kama sai ya ɗauke muryarsa ya adana, in zai yi magana ya zaɓi ɗaya daga ciki. Sai ki ji abokiyar tafiyarki tana kiranki daga bayan ƙofa, tana roƙo, alhali shi ne. In kika danna maɓallin amsawa, ya san inda kike, ya gama da ke, ya ƙara muryarki a cikin tarinsa.

Abin da ya fi ba ni tsoro ba ƙarfinsa ba ne, ladabinsa ne. Bai taɓa gudu ba, bai taɓa ihu ba. Kafin ya kai hari sai ya rusuna ya gaishe ki, ya tambayi ko kin gaji. In ya kashe ki ya ba ki haƙuri. Yana da girman kai irin na wanda bai taɓa shan kaye ba, kuma abu ɗaya ne ke fusata shi, wato ya yi magana a ƙyale shi. In ya kira sau uku ba a amsa ba, sai ya fara dukan bango da manyan hannayen, a nan ne kawai ƙananan ke buɗewa ƙirjinsa ya bayyana. Ga shi da koyo. Dabarar da kika yi masa sau biyu, a na uku ya riga ya san ta.

Ƙawata ce mai hannu. Yatsunta na gudu a kan maɓallai kamar na mamarta a kan keke, amma ba ta da haƙuri, da ta ji an kira sai ta amsa. Ni kuwa da na gwada sau ɗaya da bango na yi ta karo, ban ƙara ba. Aikina kallo. Ni na gano cewa in muryar ta ƙarya ce, yakan karkata kai hagu kafin ya yi ta. Ni na gano cewa hasken wuyansa kan koma ruwan ɗorawa kafin ya miƙa hannu. Don kada in manta, na ware wani tsohon littafin rubutu ina rubuta komai da Hausa, da zanensa a shafin farko. Kuma da yake a wasan mu ne matuƙiyar, haka nake rubutawa kamar ni abin ke faruwa da ni.

Na san wasunku sun riga sun hango inda labarin ya nufa. Ni da nake taƙama da lura ban hango ba.

Wata Asabar na dawo daga Islamiyya na ga littafin a cikin jakata, amma a juye, bayansa na kallon gaba. Ni ba haka nake sa shi ba. Da na buɗe na ga ɗan tabon manja a gefen shafi na uku. Inna ta wanke jakar da safe, ta kuma karanta. Na ce shi ke nan, ta gane wasa muke yi ba karatu ba, za ta hana ni zuwa.

Na zauna ina jiran faɗa, faɗa bai zo ba. Abin da ya zo daban ne. Da yamma Inna ta shigo ɗakinmu da kasko tana hayaƙi, ba turaren wuta mai ƙamshi da muka saba ba, wani mai yaji da ke sa tari. Ta ce sauro ne ya yi yawa. Washegari ta ba ni ruwa a kofi ta tsaya a kaina sai da na shanye, na kuwa ga leɓenta na motsi kafin ta miƙo. In ina cin abinci sai in ɗago in ga tana kallona, mu haɗa ido ta kawar da kai. Tuwonta kuma na lura tana barin fiye da rabi.

"Kina barci lahiya?" ta tambaye ni ranar Litinin.

Na gyaɗa kai.

"Ba ki mahwalki?"

Na girgiza kai.

Duk wannan na gani, na kuma fassara shi yadda tsorona ya so. Na ɗauka fushi ne take tarawa. Saboda haka na ƙara yin shiru, ina bin bango, ina amsa komai da kai. Ban san cewa kowane shiru nawa ƙara tabbatar mata da abin da take tsoro yake yi ba. Ku duba abin da ta karanta. "Yana kira da muryar wanda ka sani. Idan ya kira ka kada ka amsa." "Ba ya son a ƙyale shi." "Yau ya same ni a bayan ƙofa." Sannan a shafi na uku, inda manjan ya ɗiga: "Yau ma ya ɗauke mini murya."

Ranar Laraba da hantsi, muna hutun tsakiyar zango, gwaggona ta iso daga Ƙofar Dundaye. Yayar babana ce, mace mai murya, wadda in ta yi sallama a zaure ake ji a gida na uku. Aka shimfiɗa tabarma a ɗakin Inna, aka kira ni, aka sakaya ƙofa. Littafina na kan cinyar Gwaggo.

Inna ce ta fara, muryarta ƙasa ƙasa. "Daga yau kin bar zuwa gidan su ƙawarki. Lungun nan na tsamiya ba wurin bi na ba, ga shi kina dawowa dab da magariba. Ranar Asabar kuma za mu tahi wajen wani malami kusa da Hubbare shi yi maki karatu."

Ban fahimci zancen malamin ba. Abin da ya shiga kunnena kawai shi ne na bar zuwa. Idona ya cika da hawaye.

Gwaggo ta matso ta kama babban yatsana ta matse. Ta ƙura mini ido, amma na lura ba ni take kallo ba, kamar tana leƙen wani ne a bayan idona.

"Kai! Da kai nike. Mi ɗiyarmu ta yi maka?"

Na waiwaya in ga da wa take. Babu kowa sai buhun gero.

"Kin gani ko?" in ji Gwaggo. "Waige take, tana neman shi." Ta buɗe shafin farko ta nuna zanen. "Ke, wannan kin san shi?"

"E," na ce.

Inna ta yi salati.

"Hannu nawa gare shi?" in ji Gwaggo.

"Huɗu."

"Yana maki magana?"

"E. Amma ba da muryarsa ba."

Ku yi mini adalci, tambayata aka yi na faɗi gaskiya. Sai da na ga Inna ta rufe baki da gefen zanenta, hawaye na bin hannunta, sannan abin ya faɗo mini gaba ɗaya. Hayaƙin, ruwan kofin, tambayar mafarki. Ashe ba fushi take ba. Ashe aljani suke zato.

Nan ne ya kamata in yi bayani. Amma bayanin na nufin in ce Inna, wata biyu ina ce miki karatu nake zuwa, alhali wasa nake. Na ga in na yi shiru an hana ni zuwa, in na yi magana ma an hana ni. Harshena ya yi irin nauyin da yake yi a aji.

"A ina kike ganin shi?" in ji Gwaggo.

"Gidan su ƙawata," na ce, don ita ce amsar da ta fi gajarta.

Gwaggo ta saki yatsana ta tafa hannu. "To! Ashe ba tsamiya ba ta. A gidan yake. Ni dama tun da anka ce kullum tana can..."

"A'a, Yaya," Inna ta katse ta. "Mutanen kirki na. Matar nan da ita munka kwana asibiti sadda na haihu."

"Ban ce mugaye na ba. Na ce a gidansu abin yake. Sai a hwaɗa masu su san abin da ke zaune da su, a kuma raba yaran."

Wannan ce maganar da ta buɗe mini baki. Na hango Gwaggo da muryarta a ƙofar gidansu, unguwa na saurare. Na hango ƙawata tana shiga aji yara na matsawa daga bencinta. Hana ni zuwa abu ɗaya ne, amma wannan ko shekara goma aka yi ba zai gyaru ba.

"A cikin kwamfuta yake," na ce.

"Har cikin kwamhuta sunka shiga?"

"Wasa na, Gwaggo. Gem. Mutane sunka zana shi. Ba karatu muke yi duka ba, rabin awa muke yi, sauran wasa muke. Ni ke rubuta yadda za mu kashe shi. Inna, ki yi haƙuri."

Ban taɓa jera magana mai tsawon haka a gaban Gwaggo ba. Gwaggo ta ce aljanu ma ai sun iya ƙarya in an matsa musu. Inna ta share fuska, ta tashi ta jawo hijabinta daga kan ƙofa.

"Tashi mu tahi ki gwada mani shi."

Muka fita mu uku cikin rana tsaka, Inna a gaba, ni a tsakiya, Gwaggo a baya tana karanto addu'o'i. Da muka zo tsamiyar sai da ta ja ni muka bi ta ɗaya gefen.

Maman ƙawata ta tashi daga kan keke da tef a wuya, ta yi mamakin ganinmu. Aka gaisa, ta kawo ruwan sanyi. Inna ta rasa ta inda za ta fara, sai kawai ta miƙa mata littafin. Matar ta karanta shafi biyu, ta dube ni, ta ƙwala wa ɗiyarta kira.

"Ke! Wane ne wannan mai hannu huɗu a gidana?"

Ƙawata ta fito, ta ga littafin, ta ga Gwaggo, ta dube ni. Ban iya haɗa ido da ita ba.

"Mama, gem na," ta ce a hankali.

"Gem? A kwamfutar babanki? Ni ina nan ina taka keke ina cewa yarana suna karatu, har kunun aya nake kai muku!"

Babu wuta a ranar, cajin kwamfutar kuma saura kaɗan. Aka ɗora ta a kan teburin yankan yadi, manya uku suka tsaya a bayanmu. Ƙawata ta kunna. Jirgin ya bayyana, dogon lungu mai duhu, sannan ga shi nan tafe a hankali, kansa na kusan taɓa rufi. Ya tsaya, ya rusuna, ya yi magana da muryar wata mace mai taushi.

"Mi ya ce?" in ji Gwaggo daga bayan Inna.

"Ya ce sannu da zuwa, ya daɗe yana jiranmu," in ji ƙawata.

"A'uzubillahi."

Da aka fara, sai na manta da su. Haka nake in ina kallonsa. Ƙawata ta ɓuya a bayan wasu akwatuna, wata murya ta fara kiranta tana kuka, na ga yatsanta ya nufi maɓallin amsawa. Na kuma ga kansa ya karkata hagu.

"Kada ki amsa! Shi na! Bari shi kira na uku! Yanzu, yanzu, ƙirjin ya buɗe, harbe shi! Ke, dama, dama na ce maki!"

Ashe a tsaye nake, ina dukan teburin har almakashi na tsalle. Ƙawata ta bi hagu maimakon dama, hasken wuyansa ya koma ruwan ɗorawa, ya miƙo hannu ya ɗauke mu. Ya rusuna ya ba mu haƙuri. Ko minti ɗaya ba a ƙara ba kwamfutar ta mutu.

Na juyo a hankali. Inna ba allon take kallo ba, ni take kallo, bakinta a ɗan buɗe.

"Haka take ihu a nan?" ta tambayi maman ƙawata.

"Wannan? Wani lokaci sai na ce su rage murya. Na ɗauka gardamar lissafi suke."

Inna ta zauna a kan kujerar keken. Ta fara dariya, dariyar ta koma kuka, kukan ya sake komawa dariya, tana ta cewa alhamdulillahi. Maman ƙawata ta dafa kafaɗarta ita ma tana dariya. Gwaggo ta leƙa bayan kwamfutar, ta ƙwanƙwasa murfin da yatsa, ta ce ita dai duk wanda ya zauna ya zana wannan abu a binciki kansa. Amma ta yarda yana da gaisuwa, ya fi wasu 'ya'yan unguwarsu.

Daga nan aka dawo kanmu. Faɗan da na kwana huɗu ina jira ya zo, daga baki biyu, kowace na karɓa daga inda ɗaya ta tsaya. Muna durƙushe a kan siminti muna cewa to. Maman ƙawata ta ce kwamfuta ta koma ɗakin babanta da makulli har a gama jarrabawa, kuma za ta faɗa masa. Karatu daga yau a falo, a gabanta, kusa da keke. Ni dai kunnena na wajen Inna, ina jiran ta maimaita abin da ta faɗa a ɗaki. Har muka yi sallama ba ta ce komai a kai ba.

Sai da muka shiga zaure, Gwaggo ta wuce ciki, Inna ta tsaya tana cire takalmi, ba ta ko dube ni ba ta ce, "Gobe Alhamis. In kin tahi ki kai mata atamfar nan tawa ta rage mani hannu. Kuma ki dawo da littahin lissahi in gani da idona."

Wato ta yarda in koma ke nan. Na ce to.

Ba a je wajen malamin ba. Rubutun sha da Gwaggo ta riga ta karɓo kuwa sai da na shanye shi tas, ta ce ayar Allah ba ta ɓaci, in babu aljani ai akwai ƙarya. Ƙawata ta yi fushi da ni na kwana ɗaya, wai na tona mu, har na ba ta labarin yadda aka matse mini yatsa, ta yi dariya har ta faɗo daga benci. Baƙo kuma ba mu taɓa kashe shi ba. Babanta ya goge wasan a makon. Mun ci jarrabawar, kuma har yau tare muke zuwa makaranta.

Idan na tuna, abin da ke damuna ba ƙaryar karatun ba ce, ko da yake ita ma na ji kunyarta. Ina ganin kaina mai lura. Na ga tabon manja, na ga motsin leɓe, na ga tuwon da ake bari. Na iya karanta halittar da ba ta da fuska, na san lokacin da za ta yi ƙarya, amma fuskar mahaifiyata na kwana huɗu ina kallo ban gane tsoro ne a cikinta ba. Kallo kaɗai bai ishe ni ba, da na buɗe baki na ce Inna lafiya, da an huta tun ranar Asabar.

Bara muna tsince shinkafa ni da ita, zancen ya taso. Ta ce a kwanakin nan, in na tafi makaranta, takan shiga ɗakinmu ta zauna a bakin katifata, tana tunanin tun yaushe abin ya kama ni, ko tun ina ƙarama ne ita ba ta kula ba, tana ce wa mutane kunya ce kawai. Na ce, "Inna, to mi ya hana ki tambaye ni kai tsaye?"

Ta ɗago ta dube ni, ta jefar da tsakuwar da ke hannunta.

"In na tambaye ki, amsawa kike?"

Muka ci gaba da tsintar shinkafa, ita tana murmushi, ni ina jin wani sanyi a raina cewa abin ya tsaya iya inda ya tsaya.